Bod ɗin famfo da yake mutuwa a gona amma ba ya mutuwa a kan tebur

Litinin, 3 ga Maris 2025

To bari in fara rubuta abin nan a wuri ɗaya tunda kaina ya fara cakuɗewa. Bod ne da muka haɗa don kula da famfon burtsatse mai sola a wata gona a bayan gari, guntun STM32F407 ne a kai, firosesarsa Cortex-M4 mai gudun 168 MHz, FreeRTOS 10, ƙaramin tsarin da ke raba wa ayyuka lokaci, ke juya shi. Tasik biyar ne a ciki, wato ayyukan manhaja masu gudu bi da bi: na famfo wanda shi ne mai babban matsayi, na Modbus da ke hira da injin da ke tuƙa famfon ta RS485, na GSM mai tura saƙo da karɓar umarni, na ɗan allon LCD, sai wani ƙarami mai sa ido. A kan teburina abin zai yi ta aiki ko tari ba ya yi, amma a gona sai Baba mai kula da wurin ya kira ni, "Injiniya abin nan naka ya sake ɗaukewa fa, ruwa ya tsaya ya dawo." Kuma gaskiyarsa ne, famfo ya tsaya na ɗan lokaci sannan ya tashi daga farko, wanda ba abu ne mai kyau ga mota mai nutso a rijiya ba.

Matsalar ita ce karen gadi, IWDG, wato taimar da ke yi wa bod riset in manhaja ta daina sabunta ta, yana kunne, duk abin da ya faru shi kawai riset zai buga, bod ya tashi fes kamar ba a yi komai ba. Kamar mutumin da ya zo da tsintsiya ya share sawun ɓarawo kafin gari ya waye ne, gida ya yi tsaf amma babu abin bi. Saboda haka ba zan taɓa gyaran komai ba tukunna, so nake bod ɗin ya riƙa barin wasiyya kafin ya mutu.

Abu mafi araha na fara yi yau: karanta RCC_CSR a layin farko na main, in adana, sannan in goge da RMVF. Rijistar nan tana faɗa maka dalilin tashin, ko IWDG ne, ko WWDG wanda shi ne ɗayan karen gadin, ko riset na manhaja, ko wuta ce ta faɗi. Akwai tarko a ciki, PINRSTF, alamar riset ta fin ɗin NRST, kusan kullum a kunne za ka same shi domin duk riset na cikin gida shi ma yana jan ƙafar NRST ƙasa, haka BORRSTF, alamar raguwar wuta (BOR), yana kunnuwa har a kunnawar farko tare da PORRSTF, alamar zuwan wuta (POR). Don haka sai ka bi su a jere, ka bar na fin a ƙarshe, in ba haka ba duk riset zai zama wai wani ne ya danna maɓalli.

Alhamis, 6 ga Maris

Bayan sahur na zauna kan HardFault_Handler, fankishin ɗin da firosesa ke shiga in ta yi babban kuskure. Wanda ke zuwa da samfurin aiki ba komai ba ne illa while(1), wato ya tsaya yana juyi har karen gadi ya cije shi. Na cire shi na sa nawa.

Idan kuskure ya faru, firosesa da kanta take tura rijista takwas kan istak, wato ma'ajiyar wucin gadi da ke cikin RAM, kafin ta shiga handila: R0, R1, R2, R3, R12, LR (adireshin komawa), PC (adireshin umarnin da ake kai) da xPSR, bayit 32 kenan, in kuma tasik ɗin ya taɓa FPU, sashen lissafin lambobi masu ɗigo, firem ɗin ya zama kalma 26. Abin tambaya shi ne a kan wane istak ta ajiye, domin guda biyu ne, tasik suna kan PSP, intarof, wato kiran gaggawa da ke katse tasik, suna kan MSP. Amsar tana cikin LR lokacin shiga, bit na 2. In ka ga 0xFFFFFFFD to tasik ne ya faɗi, 0xFFFFFFED tasik ne mai FPU, 0xFFFFFFF1 kuma a cikin wani intarof aka faɗi. Layi biyar ne na asembili:

tst lr, #4
ite eq
mrseq r0, msp
mrsne r0, psp
b ajiye_hatsari

Dole fankishin ɗin ya zama naked, wato kamfaila bai ƙara masa komai ba, in ba haka ba kamfaila zai tura nasa kayan kan istak kafin ka karanta, lissafi ya goce.

A ina za a ajiye? Na yi tunanin .noinit a fayil ɗin linka, wanda yana tsallake riset na manhaja da na karen gadi lafiya lau amma in wuta ta ɗauke ya tafi, ni kuma ban san ko wutar ce matsalar ba. Sai na koma kan ƙaramar SRAM ɗin ajiya ta F407, 4 KB a adireshin 0x40024000, wadda batirin agogo CR2032 a ƙafar VBAT ke riƙe da ita. Sai ka kunna mata kulok, ka buɗe DBP, ka kunna BRE ka jira BRR, in ka manta BRE komai zai yi kamar yana aiki har ranar da aka cire wuta. Abin da nake ajiyewa: rijistan nan takwas, rijistocin da ke faɗin irin kuskuren da adireshin da ya jawo shi, wato CFSR da ke 0xE000ED28, HFSR, MMFAR da BFAR, sunan tasik daga pxCurrentTCB, kalma 32 na saman istak, lambar bugun manhajar, wata lamba ta shaida a farko da CRC a ƙarshe don kar in karanta shara in ɗauka labari ne.

A cikin handilan nan babu printf, babu malloc, babu kiran kanel, wato zuciyar FreeRTOS, ko ɗaya. Kuma kafin in bi kowace fointa, wato manunin adireshi, sai na duba ko tana cikin RAM da gaske, saboda pxCurrentTCB ɗin shi kansa yana iya zama abin da ya lalace, in kuwa ka sake faɗuwa a cikin HardFault firosesa lokof take shiga, ta kulle gaba ɗaya, ba wasiyya ba komai. In an gama sai NVIC_SystemReset, in bod ya tashi tasik ɗin GSM ya turo min rikodin ta SMS a takaice.

Na kuma kunna bit 16, 17 da 18 a SHCSR don MemManage, BusFault da UsageFault kowa ya zo da sunansa maimakon duk su taru su zama HardFault mai FORCED.

Asabar, 8 ga Maris

Gwajin tarkon da kansa, na yi ta kashe bod ɗin da gangan. Kiran fankishin ta adireshi mai lamba cif, wato mai rabuwa da biyu, ya ba da CFSR 0x00020000, INVSTATE, daidai, tunda Cortex-M Thumb kaɗai ya sani kuma bit na ƙasa dole ya zama 1. Karanta adireshin da babu komai ya ba da 0x00008200, BFAR kuma ya nuna adireshin tsaf. Raba lamba da sifili kuwa shiru, amsa 0 ya bayar ya wuce abinsa, sai da na kunna DIV_0_TRP a CCR. Wanda ya fi ba ni haushi karanta fointa NULL ne, ko gezau, saboda a STM32 adireshin 0 inuwar filash ce, abin da ka samu shi ne kalmar farko ta teburin bekta, lamba mai kama da ta gaskiya.

Sannan wata doka da na kafa wa kaina: duk manhajar da ta fita zuwa gona, fayil ɗin .elf nata yana nan a ajiye da lambarsa. PC ba shi da wani amfani in addr2line, mai mayar da adireshi layin kod, yana duba elf na wani bugun daban, zai nuna maka layin da babu ruwansa kuma ka yarda.

Laraba, 12 ga Maris

Saƙonni sun fara shigowa, kuma ba abin da na zata ba ne. Yawancinsu da asuba ne ko gab da fitowar rana, lokacin da batirin ya kwana yana ba da wuta. Wasu BOR da POR ne kai tsaye, wuta ce ta faɗi, babu laifin kod. Amma akwai guda da ya tsaya min a rai: UNDEFINSTR, wai umarnin da firosesa ba ta sani ba, PC kuma yana tsakiyar wani fankishin mai lafiya da ake bi ta kansa kullum. Na buɗe objdump na duba, umarnin da ke wurin ldr ne na yau da kullum.

Sai da na ɗora osiloskof kan layin 3.3 V, na rage wutar shiga zuwa irin ta asuba, na sa modul ɗin GSM ya tura saƙo, sannan na gani. Modul na 2G ba a hankali yake shan wuta ba, fizga yake, har kusan 2 A na tsawon 577 µs a kowane 4.615 ms, a allon sai ka ga layin yana nutsewa yana dawowa kamar haƙoran zarto, kuma shi da STM32 mai rage wuta ɗaya suke sha ta siririyar waya. To ga inda abin yake: a 168 MHz filash, inda kod yake ajiye, na buƙatar jiran bugun kulok 5 ne in wuta tana tsakanin 2.7 da 3.6 V, in ta sauka ƙasa da haka jiran da ake buƙata ya ƙaru. BOR kuma a kashe yake zuwa daga masana'anta, sai wuta ta kusa 1.8 V kafin guntun ya yi riset. Tsakanin 2.7 da 1.8 ɗin nan firosesa tana raye tana gudu amma abin da take karantowa daga filash ba tabbas, shi ya sa ta ga umarnin da babu shi.

Gyara: modul ya samu nasa mai rage wutar daban, kafasita 1000 µF a gindinsa, waya mai kauri, sannan na sa BOR a mataki na 3 a option bytes, wajen 2.7 V. Gara ya mutu da tsafta ya faɗa min wuta ce, da ya yi ta surutai.

Talata, 18 ga Maris

Na asuba sun ɗauke gaba ɗaya. Saura wasu, kuma waɗannan sun fi cin rai: IWDGRSTF a kunne, akwatin wasiyya babu komai. Wato ba faɗuwa aka yi ba, maƙalewa aka yi, firosesa na can tana juyi a wani wuri har lokaci ya cika. IWDG na F407 kuwa ba ya gargaɗi, ba shi da intarof na kafin cizo irin na WWDG.

Dabarar da na yi, na ɗauki taimar TIM7 na sa shi ya ƙare a daƙiƙa 3, karen gadi kuma a wajen 4, na ce wajen domin kulok ɗin cikin guntu na LSI yake bi kuma kulok ɗin nan 32 kHz ne a suna kawai, yana yawo sosai. Duk inda ake sabunta karen ana mayar da TIM7 sifili. In TIM7 ya kai ƙarshe to an maƙale, intarof ɗinsa yana matsayi 0 inda BASEPRI, rijistar da kanel ke toshe intarof da ita, ba ya iya toshe shi, sai ya bi hanyar asembilin nan guda ya kwashi PC na wanda ya katse ya ajiye. Ba ya kiran komai na FreeRTOS, don haka zamansa a 0 halal ne.

Na kuma canza yadda ake sabunta karen. Kowane tasik yana da bit ɗinsa da zai ɗaga a kowane zagaye, mai sa ido ba zai sabunta ba sai ya ga duka sun ɗaga, in wani bai ɗaga ba sunansa ya shiga rikodi. Masu sabunta karen gadi daga cikin intarof na taima, wallahi ban san me suke gadi ba, tasik duka za su iya mutuwa taima na ci gaba da cewa lafiya.

Asabar, 22 ga Maris

An kama shi. PC yana cikin vListInsert a list.c, kan for ɗin nan da ke bin jeri yana neman gurbin saka tasik. Duk wanda ya daɗe da FreeRTOS ya san wurin, har masu kanel ɗin sun bar dogon sharhi a daidai saman layin suna cewa in ka tsinci kanka a nan ka duba cikar istak, ka duba matsayin intarof, ka duba ko ka kira kanel daga inda bai kamata ba. Jerin ne ya lalace ya zama zobe marar ƙarshe, kanel ba shi ya lalata shi ba, a hannunsa dai abin ya fashe.

Na je FreeRTOSConfig.h, configASSERT babu shi sam a samfurin da aka gina aikin a kai. Na sa shi ya rubuta fayil da layi cikin akwatin wasiyya sannan ya yi riset. Ina kunna bod a kan tebur na taɓa wayar firikwensin tanki, nan take ya faɗi a vPortValidateInterruptPriority.

Ga abin da ke faruwa. A Cortex-M ƙaramar lamba ita ce babban matsayi, 0 ya fi kowa, kuma duk intarof ɗin da ba ka ba shi matsayi ba a 0 yake zama. A wajen tasik na FreeRTOS kuma akasin haka ne, babbar lamba ita ce babba, to ka ga inda kai ke juyewa. STM32 bit 4 yake amfani da su, matakai 16, mu kuma iyakarmu 5 ce, wadda in an tura ta hagu ta zama 0x50 a BASEPRI. Idan kanel zai taɓa jerinsa sai ya toshe intarof daga 5 zuwa 15, na 0 zuwa 4 ba ya taɓa su, sharaɗin kawai kar su kira shi. Intarof ɗin EXTI na maɓallin da ke yawo a saman ruwan tanki yana 0, kuma yana kiran xQueueSendFromISR. Sunan fankishin ɗin daidai ne, mai FromISR ne, matsayin ne ba daidai ba, saboda haka yana iya faɗowa a tsakiyar lokacin da kanel ya cire mahaɗi ɗaya bai ɗaura ɗayan ba.

Dalilin da ya sa sai a gona: ni a tebur sau ɗaya nake taɓa waya in saki. Na tambayi Baba yadda tankin yake in ya kusa cika, ya ce "ai ruwan daga sama yake zubowa da ƙarfi, ƙwallon nan rawa yake ta yi." Kenan maɓallin yana buɗewa yana rufewa ba adadi, kowane ɗaya intarof ne, cikin dubbai ɗaya zai dace da mugun lokacin. Na ɗauko wani ƙaramin bod na sa shi ya riƙa kaɗa ƙafar da sauri, da tsohuwar manhaja ba a daɗe ba ya maƙale a wuri guda, vListInsert. Da na mayar da matsayin 6 ya yi ta kaɗawa har na gaji na kashe. Na ƙara tace rawar ma, intarof ya kashe kansa ya bar tasik ya sake duba ƙafar bayan ɗan lokaci.

Samun hanyar jawo matsala da hannunka ya fi min gyaran daɗi, don in ba haka ba ba ka sani ba ko ka gyara ne ko sa'a ce.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An sha Sallah, an dawo. Alhaji mai gonar ya kira yana cewa ai yanzu an gama ko, na ce ranka ya daɗe a ƙara min lokaci, biyu aka kama kuma ban yarda su kaɗai ba ne.

Yau ranar istak ce. uxTaskGetStackHighWaterMark na kowane tasik yanzu yana cikin rahoton yamma. A tuna da kalma yake ƙirga ba bayit ba, haka girman da kake ba xTaskCreate, 128 na nufin bayit 512, wanda ya saba da ESP-IDF inda bayit ne to ya kula. Tasik ɗin LCD saura kalma 11 ya cika, saboda snprintf da %f na newlib cin istak yake ba kaɗan ba, ga kuma FPU da ke ƙara kalma 18 a firem da wasu 16 da PendSV, intarof ɗin da ke sauya tasik, ke turawa a sauyin tasik. Na ninka masa, na kuma daina %f, ina buga lamba biyu da ɗigo a tsakani.

configCHECK_FOR_STACK_OVERFLOW yana kan 2. Yadda yake aiki, ana cika istak da 0xA5 tun farko, a kowane sauyin tasik kanel ya leƙa bayit 16 na ƙarshe ya ga ko suna nan. Yana da amfani amma kar a dogara da shi, sai a sauyi yake dubawa, ɓarnar ta riga ta auku, kuma babban arai da ba a cika shi duka ba yana iya tsallake bayit 16 ɗin ya sauka a kan maƙwabci. Istak ɗin intarof kuwa, MSP, babu mai duba shi, 0x400 ne a fayil ɗin linka, na cika shi da tawa alamar ina dubawa da kaina. -fstack-usage ma na kunna, fayilolin .su suna nuna cin kowane fankishin.

Na so in kwashe istak duka in kai CCM, RAM mai 64 KB ɗin nan da ke 0x10000000 yana zaune a banza, sai na tuna DMA, mai kwasar bayanai ba tare da firosesa ba, ba ya isa can, kuma direban Modbus yana miƙa wa DMA bafa daga kan istak. An fasa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Wannan ita ce mai daɗin. Saƙo ya shigo da rana tsaka:

tasik gsm, CFSR 00020000, PC 61746164, LR 08006B3F

addr2line ya ce ??:0 a kan PC, dama ba adireshin filash ba ne, namu da 0x080 suke farawa. Na daɗe ina kallon lambar kafin na lura duk bayit ɗinta suna tsakanin 0x61 da 0x7A, wato ƙananan haruffa ne. Guntun nan ƙaramin bayit yake fara ajiyewa, don haka daga dama ake karantawa: 64, 61, 74, 61. d, a, t, a. Data! Na duba kalmomi 32 na istak da aka kwaso, na mayar da su haruffa, sai ga guntun tallar kamfanin layi, a sayi data a samu kyauta, danna kaza.

LR ya nuna cikin fankishin da ke karanta SMS mai shigowa. Yana da char layi[128] a kan istak, yana kwafa har sai ya ga ƙarshen layi, ba ya duba tsawo. Umarninmu gajeru ne, KUNNA, KASHE, YAYA, babu mai kai haruffa 20, amma SMS ɗaya yana kai 160. Talla ta zo ta cika 128 ta wuce ta hau kan adireshin komawa da aka ajiye, fankishin ya gama ya yi pop, PC ya zama "data", kuma da yake 0x64 lamba ce cif sai INVSTATE. Mai duba 0xA5 ba zai taɓa ganin wannan ba, domin ba ƙasa aka zarce ba, sama aka yi a cikin istak ɗin tasik ɗin kansa.

Na tura wa bod ɗin tebur saƙo mai haruffa 160 daga wayata, ya faɗi, PC ya zama harufan da na rubuta. Abin dariya ne amma in ka yi tunani abin tsoro ne, duk wanda ya san lambar layin yana iya zaɓar inda firosesa za ta yi tsalle. Yanzu ana duba tsawo, ana watsar da duk saƙon da ba daga lambobin da aka yi wa rajista ba tun kafin a karanta cikinsa, ana kuma goge shi daga SIM. Na kunna -fstack-protector-strong, __stack_chk_fail shi ma akwatin wasiyya yake rubutawa. Na bi duk strcpy da sprintf da sscanf mai %s a aikin ɗaya bayan ɗaya.

Laraba, 16 ga Afrilu

Shiru daga gona, rahoton yamma kawai. Na yi amfani da lokacin na duba makullin da tasik ɗin famfo da na LCD suke rabawa a kan bayanan Modbus, ashe semafo ne na binary ba mutex ba. Bambancin a FreeRTOS shi ne mutex yana ɗaga matsayin ƙaramin tasik da ke riƙe da shi in babba yana jira, semafo ba ya yi. Irin wannan ce ta sa Mars Pathfinder ya yi ta riset a duniyar Mars a 1997, a kan VxWorks: ƙaramin tasik na yanayi ya riƙe makulli, matsakaita suka hana shi gudu, babban ya yi ta jira har mai sa ido ya buga riset, injiniyoyin JPL na NASA suka jawo matsalar a kwafin da ke ƙasa da tiresin a kunne sannan suka tura gyara daga nan. A rikodina babu alamar ta taɓa cizonmu, amma tsarin iri ɗaya ne, GSM na tsakiya kuma yana iya daɗewa, don haka na canza zuwa xSemaphoreCreateMutex.

OpenOCD kuma, mai haɗa kwamfuta da bod, na sa masa -rtos FreeRTOS don GDB, manhajar bin diddigin kod, ya nuna kowane tasik da inda ya tsaya, sai da na ƙara alamar uxTopUsedPriority kafin ya yarda. Da DBG_IWDG_STOP, in ba haka ba kana tsaye a burekfoyin kare zai cije ka.

Litinin, 28 ga Afrilu

Guda ya shigo, sabo. CFSR 0x00000400, IMPRECISERR, BFAR babu inganci, PC yana cikin lissafin CRC na Modbus inda babu abin da ake yi sai XOR da shif. Irin wannan PC ɗin ba shi ne mai laifi ba. Cortex-M4 yana da bafan rubutu, umarnin str yana miƙa kaya ya wuce, sai an yi gaba da wasu umarnai kafin bas ya dawo ya ce adireshin nan babu shi, lokacin an bar wurin. Abin da na sani kawai rubutu ne ba karatu ba, kuma bai yi nisa da PC ɗin ba. Kafin CRC akwai inda ake rubuta amsa ta wata fointa da ke cikin tsarin buƙata, ita nake zargi, wataƙila ana sake amfani da tsarin bayan lokacin jira ya ƙare alhali amsa tana hanya.

Maganin gano shi DISDEFWBUF ne, bit 1 a ACTLR, 0xE000E008. Yana kashe bafan, gudu ya ɗan ragu amma kuskuren ya zama mai daidai, PC da BFAR su faɗi gaskiya. Aikinmu ba ya cin ko rabin ƙarfin firosesa don haka na kunna shi a bugun gona ma. Na kuma buɗe MPU, mai hana taɓa adireshin da aka rufe, yanki 8 gare shi, mafi ƙanƙanta bayit 32, na ɗauki ɗaya na rufe 1 KB na farko daga adireshin 0 don NULL ya daina wucewa salin alin.

A tebur na sa kwamfuta ta zama injin famfo na ƙarya tana jinkirta amsa da gangan, wani lokaci daidai kan iyakar jiran, wani lokaci ta turo rabin firem ta yi shiru, da wocfoyin na DWT, mai tsayar da firosesa in an taɓa wani adireshi, a kan fointar, guda 4 guntun ke da su. Har yanzu bai faɗi ba. Gobe zan ƙara mata amsa biyu a jere ga tambaya ɗaya, sannan in sa TVS da opto, masu kare bod daga fizgar wuta, a wayar tanki kafin ruwan farko ya sauka, don doguwar waya ce a fili kuma tsawa ba ta buƙatar taɓa ta kafin ta jefo mata wuta.